Zabin Inna a Dutsen Misfala

Mai jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga gaɓar Sudan ya rantse da Allah cewa a Jidda zai sauke mu. Da gari ya waye sai ya tsayar da jirgi inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji, ya nuna wani tudun yashi, ya ce mu sauka, Jidda tana bayansa. Muka yi ta dirowa cikin ruwa da kaya a ka. Ni na goya Inna, ita kuma ta ɗaga kwandon zabinta sama da hannu biyu, tana ce mini in yi a hankali kada su jiƙe. Ita da ta jiƙe har wuya ba ta damu da kanta ba. Kafin mu gama matse tufafi mutumin ya juya jirginsa ya yi gaba. Na hau tudun da gudu. Babu Jidda, babu ko bukkar masunci, sai yashi da wasu baƙaƙen duwatsu can nesa. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai in ji bakina ya yi ɗaci, kuma ban yafe masa ba.

A shekarun babban yaƙin Turawa ne. Mun baro ƙauyenmu na ƙasar Daura mu uku, a ƙafa, muna tafe muna tsayawa neman guzuri. Baba ya rasu a Abashe, a ƙasar Chadi. Ni da Inna muka ci gaba, muka shiga Sudan, muka yi tsintar auduga a Jazira, muka ci kaka a Gadarif. A can ne Inna ta karɓi haihuwar wata Bakatsiniya, haihuwa mai wuya, matar ta rasa abin da za ta ba ta sai zabi biyu, namiji da mace. Inna kuwa a gida da zabi aka san ta. In damina ta faɗi, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa neman ƙwai wurinta. Da ta ji kukansu a tsakar gidan matar nan sai da ta share hawaye.

Na ce, "Inna, mutane na rage kaya za su ƙetare teku, ke kina ƙarawa? Mu yanka su mu yi guzuri."

Ta ce, "Auta, a kanka na ce zan ɗora su?"

A kaina ɗin suka ƙare. Daga inda aka zubar da mu muka bi gaɓar teku muka yi arewa, rana a sama, gishiri a leɓe. Wata makiyayiya, wadda ko kalma ɗaya ba mu gane daga bakin juna ba, ta tatsar mana nonon akuya, ta nuna mana inda za mu tona mu sami ruwa. A tafiyar nan ce ƙafafun Inna suka kumbura. Da farko tana dogara sanda, daga baya sandar ma ta kasa, sai in ɗora kwando a ka, in goya ta, in yi tafiya in sauke in huta. Lissafin wata ya ɓace mana. Rannan muka yi kiciɓis da ayarin mutanen Yaman, kawunansu a aske, suna komawa gida. Ba sai an yi mana tafinta ba. An sauko daga Arfa, har an watse.

Inna ta ce in sauke ta. Ta zauna a yashi ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Can ta ce, "To, sai mu jira ta baɗi. Ai Arfar ba inda za ta."

Ta kudu muka shiga Makka, unguwar Misfala, inda mutanen ƙasashenmu suka yi yawa. A bakin wani lungu na ji ƙanshin waina, na bi shi ba shiri. Mai wainar wata kakkaurar mace ce, Hajiya Rabi, haihuwar Makka, kakanta ne ya zo daga Sakkwato. Hausarta rabi Larabci ce. Ta dube ni, ta dubi tsohuwar da ke bayana, ta dubi kwandon da ke kaina yana kuka, ta tuntsire da dariya.

"La ilaha illallahu! Kai, daga ina da wannan biki? Sauke Inna nan a inuwa, yalla, sauke ta."

Ta ba mu waina ba ta karɓi komai ba, kuma ita ta sa aka nuna mana wani ɗan fili a jikin dutsen da ke saman gidanta. A Makka masu hali ne a ƙasa, talaka shi ke hawa dutse. Na tsinto gwangwanayen kananzir na fasa na miƙar, na haɗa da tsofaffin buhuna, na yi mana ɗaki. Na kama aikin ga-ruwa, garwa biyu a sanda, ina hawa benayen mutane ina sauka. Da yamma in na dawo kafaɗuna na zogi, in na ji kukan zabi daga ƙasan dutse, sai in rufe ido in ga kamar tsakar gidanmu zan shiga. Kewar gida ta fi garwa nauyi, amma ban taɓa gaya wa Inna ba.

Da zafi ya kankama zabuwar ta fara ƙwai a bayan wani dutse. Kowa ya san zabuwa ba uwar kirki ba ce, sai ta ja 'ya'yanta cikin raɓa su mutu, saboda haka Inna ta ari kazar Hajiya Rabi mai kwanci ta sa mata ƙwan. Tara aka ƙyanƙyashe. A gida gara ake haƙo wa 'yan tsaki, nan kuwa babu gara, sai in tsinto musu fara da ɓarɓashin gurasa. Ɓera ya ci biyu, shirwa ta sure ɗaya a kan idona. Iyayen kuma aka sace su wata Juma'a da na kai Inna masallaci. Ban ga wanda ya ɗauka ba, amma ina da wanda nake zargi, kuma har ya mutu ban ƙara sakar masa fuska ba.

Cikin shidan da suka rage namiji ɗaya ne tak. Wanda bai san zabi ba ba zai taɓa rabe su ba, duk kamanninsu ɗaya ne. Kuka ke raba su. Mace biyu-biyu take yinsa, tana maimaitawa kamar mai talla, namiji kuwa guda-guda yake sara shi, kuma sai ya ga abin da bai yarda da shi ba. Inna ta sa masa suna Mai Unguwa, don ko ƙadangare ne ya gitta ta ƙofarmu sai ya tanka.

Wata na shuɗewa wata na kamawa, abin da ke hana ni barci shi ne yadda Inna za ta isa Arfa. Tafiya ce mai nisa ko ga mai lafiya, ita kuwa salla ma a zaune take yi. Ni ga-ruwa da ƙarancin abinci sun cinye ni, ƙirjina ya fara ciwo, na san ba zan iya kai ta in dawo da ita a baya ba cikin turmutsutsun mutane da dabbobi. Raƙumi ake bukata, da shugudufi, wato ɗan gadon da ake ɗaurawa a bayansa. Hayarsa kuwa, a shekarar da gurasa ma sai an yi turereniya, ba zancen irinmu ba ne.

Akwai wani Balaraben ƙauye mai raƙuma, Ubaidu, da ke kawo wa Hajiya Rabi gawayi. Rannan ya biyo kukan zabin har ƙofarmu, ya tsuguna yana kallonsu. Ashe macizai ne suka addabi zangonsa a wani kwari, kuma ya taɓa jin cewa tsuntsayen nan ba sa barin maciji ya wuce ba su yi kururuwa ba. Hajiya Rabi ta yi mana tafinta. Ya ce yana son namiji ɗaya da mata biyu, masu lafiya, don su yi masa iri, zai karɓa ranar fita Mina. Shi kuma zai kai Inna Arfa a raƙumi ya dawo da ita. Aka shafa fatiha a kan haka. Daga ranar na daina yi wa zabin nan kallon abin dariya, don su ne ƙafafun Inna.

Hajjin shekarun nan cikin sanyi yake faɗowa. Ni in na ji ana zancen sanyin Makka sai in yi dariya, garin da dutse ke ƙona tafin ƙafa. Watan Zulƙida ya yi nisa sai hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa da ƙanƙara, lungunan ƙasa suka koma rafi. Bayan ruwan iska ta taso daga arewa. Tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Tana shigowa ta kowace kafar gwangwani tana fito, mu kuwa bargo ɗaya gare mu.

A gida zabi a kan bishiya suke kwana, ba mai kai musu. Nan babu bishiya, sai suka saba hawa wani faffaɗan dutse a saman ɗakinmu, ni kuma na ɗauka tudu tudu ne. Sanyin ya koro dabbobin dutse kusa da mutane. Da safe na tarar da gashi a watse, da sawu kamar na ɗan kwikwiyo. Yanyawa ce. Na maida biyar ɗin cikin ɗaki na kife su da babban kwando. Kashegari na ga an tona gindin bango, rami har ya kusa ɓullowa ciki. Na cusa duwatsu, ta koma wani gefen ta tona. Duk safiya sai na zaga ɗaki ina duba gindin bango.

Sai na yi abin da kowane ɗan ƙauye zai yi. Na ari gatari, na gangara wani kwari a bayan dutse inda na taɓa ganin wasu 'yan itatuwa irin farar ƙayarmu, sun yi kore shar bayan ruwa. Har ina mamaki, gari duk ana kukan itace ga ƙaya ba wanda ya taɓa. Na ce a raina lallai mutanen nan ragwaye ne. Na sare, na jawo, na kewaye ɗaki, na binne wasu a gindin bango, na ɗana tarkon igiya a bakin ramin. Na tsaya riƙe da ƙugu ina kallon aikina.

Ban gama jin daɗi ba sai ga mutum biyu sun hawo da sandunan gora, irin masu korar mutane zuwa salla a kasuwa. Wani ne ya gan ni ya kai rahoto. Suna nuna ƙayar suna magana da ƙarfi. Da guntun Larabcina na ce musu tawa ce, ni na saro da hannuna, ba sata na yi ba. Ashe fetur na zuba wa wuta. Sai ji na yi sanda ta sauka a gadon bayana, ta sake sauka. Hajiya Rabi ta hawo tana haki, hannunta duk ƙullu.

"Ya Haruna, me ka yi? Ƙaya ka sara? A Makka?"

Na ce, "Ƙaya ce fa, Hajiya. Ta wani ce?"

"Ta Allah ce! Nan hurumi ne, ya miskin. Ba a sarar itace, ba a cirar ciyawa. Naman daji ko korarsa ba a yi, balle a ɗana masa tarko. Ba wanda ya gaya maka?"

Ba wanda ya gaya mini. Na san mai harami ba ya farauta, wannan kowa ya sani. Amma ƙaya, wadda a gida har roƙon mutum ake ya zo ya sare ta daga gona? Hajiya Rabi ta yi ta ba su haƙuri, tana cewa baƙo ne, jahili ne, uwarsa ba ta tafiya. Jahilin nan ya fi sandar yi mini zafi, amma shi ya cece ni. Suka tsinke tarkon, suka sa na kwashe ƙayar da hannuna na mayar da ita kwarin, na zuba a gindin itatuwan.

Da na dawo na tarar da Inna tana kuka, ba don dukan da na sha ba. Ta ce, "Duk tafiyar nan da muka sha, don mu zo mu yi wa Allah ɓarna a gidansa?" Sai da na nemo wani malami Bazazzagi ya tabbatar mata cewa babu fansa sai istigfari, sannan ta yarda ta ci abinci.

Sanyi bai sassauta ba. Hajiya Rabi kan ba mu sauran garwashi in ta tashi daga waina. Inna ba ta yarda a kai kasko kusa da kwando, ta ce hayaƙi ya fi sanyi saurin kashe su. Duwatsu take turawa cikin toka, in sun yi ɗumi ta naɗe su a tsumma ta jera a gindin kwandon, ta jiƙa musu barkono a ruwan ɗumi. Duk da haka wata safiya muka ɗaga kwando muka ga guda ta sandare. Saura Mai Unguwa da mata uku. Ranar Inna ta cire bargon daga jikinta ta lulluɓe kwandon da shi.

Na ce, "Inna, wannan kuma ba hankali. Ke za ki kwana da zane ɗaya saboda tsuntsu?"

Ta ce, "Ni sanyi ba zai hana ni Arfa ba. Su ne in sun mutu."

Na fizge bargon na rufa mata. Da na farka na same shi a kan kwando. Haka muka yi ta yi, ba wanda ya ci wani.

Hajiya Rabi ce ta ce in ƙaya nake so, in tafi Tan'im, inda ake ɗaukar haramin umra. Da na wuce alamun iyaka na fita hurumi, in sari abin da na ga dama. Sai dai Tan'im tana arewacin gari, mu muna kudu, aikin wuni guda ne. Alhazai sun cika gari, ita ba ta da sararin barin tanda ta zauna da Inna. Yanyawar kuma ta gane mu sarai, har da rana nake hango ta a kan dutse tana kallon ɗakin. Fita Mina ta matso. Na ga in ban tafi ba, ko ba yau ba sai ta shigo.

Bayan sallar asuba na ajiye wa Inna ruwa da gurasa, na sa muciya kusa da hannunta, na ɗaure ƙofa da igiya. Da na isa Tan'im na tarar masu itace sun share duk abin da ke kusa da iyaka, sai da na nutsa can cikin kwari sannan na samu. Aka fara yayyafi. Na ɗaure ƙayar na ɗora a ka, tana sukar wuyana, jini na bin rigata. Ratsa gari da wannan kaya cikin alhazai wani tashin hankali ne. Wanda na yaga wa harami ya zage ni da Turkanci, wanda na soka ya zage ni da harshen da ban taɓa ji ba. Wani askari ya tsare ni yana nuna kayan, na yi ta cewa "Tan'im, Tan'im." Allah ya kawo wani mai jaki da ya gan ni a can ya shaide ni. Duk wannan hankalina ba ya jikina, yana kan dutse.

La'asar ta wuce na fara hawa, gari ya yi duhun hadari. Kullum tun ina tsakiyar hawa Mai Unguwa ke fara yi mini faɗa. Ranar shiru. Na tsaya na kasa kunne, ba abin da nake ji sai iska a jikin gwangwani. Na yar da kayan na ruga.

Ƙofa na nan a ɗaure yadda na bar ta. A ciki ga rami ya ɓullo ta gindin bango. Inna na kife a kan kwandon, ƙirjinta a kai, ta rungume shi da hannu biyu, bargon na ƙarƙashinta. Rufi ya yi yoyo, zanenta ya jiƙe sharkaf, leɓunanta sun yi fari. Muciya na nan inda na ajiye ta. Ga jini a ƙasa.

Na ɗago ta, jikinta kamar randa. Ta buɗe gefen zanenta. Mai Unguwa ne a ciki, wuyansa a yage, ya riga ya saki.

Haƙoranta na haɗuwa ta ce, "Tun azahar yanyawar ta zo. Ta shigo ta zauna can tana kallona, ina kallonta. 'Yar ƙarama ce, Auta, duk haƙarƙari a waje. Na yi ta ba ta haƙuri. Shi ne ya zuro kai ta kafar kwando zai yi mata faɗa, ta cafke shi. Da ƙafa na jawo shi."

Na ce, "Ga muciya kusa da hannunki! Me ya hana ki buge ta?"

"Ba an ce ba a korarsu ba? Kwanan nan ka sha duka a kan ƙaya. Ni kuma in ɗaga hannu in bugi dabbar hurumi, ga Arfa ta zo?"

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Na fita bayan ɗaki na yi kuka kamar yaro. Da Hajiya Rabi ta hawo ta ji labari sai ta dafe kai. "Ya Inna! Wanda ya shigo miki har ɗaki zai yi ɓarna ai halal ne ki kore shi. Ba haka nake nufi ba, wallahi."

Inna ta dubi Mai Unguwa. Can ta ce, "Ashe."

Na kewaye ɗakin da ƙayar duk da haka, kuma yanyawa ba ta ƙara shigowa ba. Mata ukun suka rayu. Inna kuwa zazzaɓi ya rufe ta, da tari mai fitowa daga can ciki. Na zaga duk inda ake sayar da kaji a Makka, ba mai zabo, wasu ma ba su taɓa ganinsa ba.

Ana gobe fita Mina Hajiya Rabi ta ja ni gefe ta rage murya. "Uku ya ce, ga uku. Shi Ubaidu ina ya san namiji ina ya san mace? Ni da nake ganinsu kullum ban sani ba. Kafin ya gane an sauko daga Arfa, shi ke nan."

Shawarar ta kwanta mini. Mu da aka zubar a bakin teku, wa ya tausaya mana? Na ce da ita haka za a yi.

Da hantsi Ubaidu ya bar raƙumansa a ƙasa ya hawo. Na riga na yi wanka na ɗaura harami, iska na kaɗa ni. Hajiya Rabi ta miƙa masa kwandon. Ya ɗaga bargo ya leƙa, ya ga uku, ya gyaɗa kai. Har na fara sauke ajiyar zuciya sai muryar Inna ta fito daga kan tabarma.

"Rabi, gaya masa duka mata ne."

Hajiya Rabi ta yi kamar ba ta ji ba. Ni ma na shiga gyaran igiyar da ba ta kwance ba. Inna ta yunƙura ta dogara da gwiwar hannu, ta kira mutumin da hannu. Larabcinta bai wuce na sayen albasa ba, amma ta san yadda ake cewa mace, ta san yadda ake cewa namiji. Ta nuna zabin ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana cewa, "Hurma. Hurma. Hurma." Sannan ta shafa wuyanta ta ce namijin ya mutu.

Na ce, "Inna, don Allah!"

Ta ce, "Rufe mini baki. A kan ƙarya zan hau Arfa?"

Ubaidu ya ajiye kwandon. Ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba, ya yi magana mai tsawo yana watsa hannu. Ba sai an fassara ba: mata zalla ba sa iri, shi kuma ga alhazai can ƙasa suna roƙonsa wuri da kuɗi a hannu. Ya juya ya fara gangarawa. Na bi shi ina tuntuɓe, haramina na zamewa, ina roƙonsa da Hausa da Larabci da duk abin da ya zo bakina. Hajiya Rabi na biye da mu tana haɗa shi da Allah, tana tuna masa shekarun da ta yi tana sayen gawayinsa. Sai da ya kai rabin dutse ya tsaya. Ya daɗe yana kallon raƙumansa. Sannan ya dawo, ya tsaya a ƙofa ya faɗi wasu 'yan kalmomi ba tare da ya dubi kowa ba.

Hajiya Rabi ta ce, "Haram alaik, ya Ubaidu! Wa zai dawo da ita?"

Inna ta ce, "Me ya ce?"

"Wai zai karɓi ukun. Amma zuwa kawai. In an tashi daga Arfa wani zai ɗauka a madadinki."

Inna ta jawo mayafinta ta ɗaura. Ta ce, "Wa ya ce masa dawowa nake nema? Ku ɗaga ni."

Muka kwana a Mina, tana tari, ina riƙe da ita. Kashegari raƙumin ya durƙusa a filin Arfa, muka sauke ta, Ubaidu ya ja dabbarsa ya tafi. Iska ta kwanta, rana ta fito da ɗumi, karo na farko tun da aka yi ƙanƙara. Inna ta dubi mutanen da suka cika fili fari fat har gindin dutse, ta ce, "Nan ne?"

Na ce, "Nan ne, Inna."

Bayan azahar ta ce a tsayar da ita. Hajiya Rabi, da ta zo da tandarta sayar wa alhazai waina, ta bar wuta ta zo ta kama ta ta dama, ni ta hagu. Ta tsaya a kan ƙafafun nan nata, tana rawa kamar kara, ta ɗaga hannu. Na ji ta ambaci Baba, na ji ta ambace ni. Da ta gaji muka zaunar da ita ta jingina da ƙunshin kayanmu, ta ci gaba a zaune.

Da rana ta faɗi mutane suka ɗunguma, raƙuma na kuka, ana kiran juna. Na ce mu tashi. Ta ce, "Dakata, Auta. Malam ya ce sai duhu ya ɗan shiga." Na zauna kusa da ita muna kallon ayari na wucewa, har fili ya fara yin sarari, tauraro ya fito.

Na ce, "Inna, duhu ya shiga. Mu bi su a hankali."

Ba ta amsa ba. Na sake faɗa, na taɓa kafaɗarta. Hannuwanta na nan a buɗe a kan cinyarta yadda ta ajiye su. Addu'ar ma ba ta shafa ba.